Yadda Ake Sa Manhaja Ta Shiga Shafi Da Kanta, Ko Ba A San Bayanan Fom Ba

Duk mai amfani da Wi-Fi na makaranta ko wurin aiki ya san wannan wahala: kullum sai ya rubuta suna da kalmar sirri kafin intanet ya buɗe. Ƙaramar manhaja da aka rubuta da Python tana iya ɗauke masa wannan aiki. Sai dai ita ba ta ganin shafi kamar yadda ido ke gani. Dole a gaya mata adireshin da za ta tura bayani, da ainihin sunan kowane akwati na fom ɗin.

Waɗannan bayanai suna cikin shafin, nemansu kawai ake yi. A kwamfuta, sai a buɗe Chrome, a danna F12, a shiga sashen Network, a kunna Preserve log. Daga nan a shiga asusun da hannu sau ɗaya. Cikin jerin da zai fito akwai saƙon POST, kuma shi ke ɗauke da adireshin da sunayen akwatunan. A wayar Android kuwa, rubuta view-source: kafin adireshin shafi yana nuna lambobin HTML. Abin dubawa shi ne action, wato inda fom ke zuwa, da name na kowane akwati.

Inda yawancin masu koyo ke tuntuɓe shi ne ɓoyayyen akwati. Shafuka da yawa suna saka wata lambar tsaro da ke canjawa, domin hana wani shafi tura saƙo da sunan mutum. Django yana kiranta csrfmiddlewaretoken, Laravel kuma _token. Kwafe ta sau ɗaya ba ya aiki. Dole manhajar ta fara buɗe shafin, ta ciro sabuwar lambar da BeautifulSoup, sannan ta haɗa da suna da kalmar sirri ta tura. Amfani da Session na requests yana riƙe kukis, ta yadda shafin ba zai manta da ita ba bayan ta shiga.

Idan JavaScript ne ke gina fom ɗin, Selenium ko Playwright sun fi dacewa, domin suna sarrafa burauza ta gaske. Sannan lambar amsa 200 ba hujja ba ce cewa an shiga, domin shafin "kalmar sirri ba daidai ba" ma yana iya dawo da ita. Gara manhajar ta nemi maɓallin fita a shafin da ya biyo baya.

Kada a rubuta kalmar sirri cikin manhajar, musamman idan za a ɗora ta a GitHub. Shafin da ya saka CAPTCHA kuwa ya riga ya nuna ba ya son na'ura ta shiga, sai a haƙura ko a duba ko yana da API. Kuma wannan dabara ta asusun mutum ce na kansa: a Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin kwamfutar wani ba da izini ba.