Kwanan Daji a Damargu: Guzurin Ruwa da Hattara da Wuta

Da zarar an gama girbin hatsi, mutanen Damargu sukan bazu cikin daji. Wani ya bi dabbobinsa arewa. Wani ya ɗaura amalanke ya tafi ɗibar ciyawa. Mata da yara su tafi kamun fara da asuba. Akwai kuma samarin Tanut da na Belbeji da ke hawa babura, su ɗauki tabarma da butar shayi, su je su kwana bisa tudun rairayi don shan iska kawai. Dukansu kwanan daji suke yi, kuma abin da ke kashe ɗaya shi ke kashe ɗaya.

Kwanan daji ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin kakanni ayarin Abzinawa ke sauka a Damargu su sayi hatsi, har ana kiranta rumbun Abzin. A watan Janairu na 1851 Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya yi zango a Tagelel tare da ayarin gishiri. Waɗancan mutane sun san zango, sun san rijiya, sun san ladabin wuri. Mu na yau muna da babur da wayar salula, amma da yawa cikinmu ba su gaji wannan sani ba.

Dajin na wane ne?

Sau da yawa mukan ji mutum ya ce: "Ai daji na Allah ne." Gaskiya ne. Amma wannan magana ba ta nufin daji ba shi da mai shi a gaban doka. A ranar 26 ga Mayu 1961 gwamnatin Nijar ta kafa doka mai lamba 61-05, wadda ta ja iyakar noma ta arewa. Wannan iyaka ta bi ta ƙasarmu. Kudu da ita yankin noma ne, arewa da ita yankin kiwo. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ƙarfafa wannan tsari. Yankin kiwo dukiyar ƙasa ce. Ba a sayar da shi, ba a kewaye shi da shinge a ce na wane ne. Kowa yana da ikon ya ratsa, ya sauka, ya kwana.

Sai dai akwai masu wuri. Su ne makiyaya Abzinawa da Fulani da suka haƙa rijiya, suke komowa gare ta kowace shekara. Doka ta ba su fifiko a wurin zamansu, ko da yake ba ta ba su ikon hana wa baƙo ruwa ba. Saboda haka in mun isa rijiya, mu fara da sallama. Mu nemi mai rijiyar, mu jira layinmu. Kada mu shimfiɗa tabarma a bakin rijiya ko a kan burtali, domin garke na zuwa da dare. Mu ja nesa kaɗan.

A Amurka ma akwai hamada mallakar gwamnati, inda mutanen birni ke zuwa kwana don hutu. A yawancin waɗannan filaye ba a barin mutum ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma dole ya kwashe shararsa. Su wurin hutu suke karewa. Mu kuwa abincin dabbobinmu ne a shimfiɗe a wurin.

Wuta

A nan za mu daɗe, domin nan ɓarna ta fi yawa. Daga watan Oktoba ciyawa takan bushe ƙayau. Ƙarangiya da sauran ciyayi su kwanta kamar auduga. Iskar hunturu kuma ta taso daga gabas. A irin wannan lokaci garwashi ɗaya ya isa. Shekarar da damina ta yi kyau ita ce ta fi haɗari, don ciyawa ta yi kauri, babu fili tsakaninta da zai tare wuta.

Me ke tayar da gobarar daji? Ba aljanu ba ne. Murhun shayi ne da aka zubar da tokarsa aka tashi. Guntun taba ne da aka jefar daga bayan mota. Wutar tuwo ce da aka bar wa yaro. Wani lokaci mafarauci ne ya sa hayaƙi a rami don ya fitar da gafiya. Shi ya sami nama na dare ɗaya, makiyayi ya rasa ciyawar wata takwas. Ciyawar da ta ƙone a Nuwamba ba ta dawowa sai ruwa ya sauka a Yuli. Kafin nan saniya ta rame, nono ya ƙafe, a kai ta kasuwar Tanut a sayar da ita a wulaƙance. Sa'an nan garken da ya rasa makiyaya ya gangaro kudu da wuri, ya tarar da amfanin gona ba a kwashe ba. Rigimar manomi da makiyayi sau da yawa daga nan take farawa.

Ga yadda masu hankali ke hura wuta a daji. Su zaɓi wurin da babu ciyawa, ko su share fili mai faɗin taku biyar ta kowane gefe. Su tona ɗan rami, su hura wutar a ciki, su zauna ta inda iska ke fitowa don su kare ta. In iska ta yi ƙarfi, su haƙura, su ci ƙanzo ko garin rogo. In an gama, a zuba rairayi a rufe garwashin sarai, a taka, a ɗora bayan hannu a ji ko da sauran zafi. Toka tana ruɗi. Samanta fari, cikinta ja.

Itacen girki kuma a tsinci busasshe. Kada a sare ɗanyen kandili ko aduwa ko magarya. A ƙasar da ruwa bai da yawa, icen da aka sare cikin minti goma ya fi ɗan mai saran shekaru.

Kowace kaka ma'aikatan gandun daji da na kiwo sukan ɗauki mutanen ƙauyuka aikin share dogayen layuka a cikin makiyaya, don in wuta ta zo ta tsaya. Aiki ne mai kyau, yana kuma kawo ɗan kuɗi. Amma layi ba ya hana wuta tashi, rage mata gudu kawai yake yi. Wanda ya ga hayaƙi ya sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji nan take. Masu kashewa su bi wutar ta gefe da ta baya, da ɗanyen reshe da jiƙaƙƙen buhu. Kada kowa ya tsaya a gabanta.

Ruwa

Babban mutum a lokacin zafi kada guzurinsa ya kasa lita 5 a yini, na sha kaɗai. In aikin ƙarfi zai yi, ya ƙara. A lissafa kwanakin tafiya, a ƙara ruwan kwana biyu a kai. A raba shi cikin jarka biyu ko salka biyu, don in ɗaya ta tsiyaye ɗaya ta rage. Kada a dogara da rijiyar da aka sani bara. Rijiya tana rushewa, injin famfo yana lalacewa.

Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba. Motoci sun lalace da matafiya a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. An tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan ƙasar Kance ne, a nan jaharmu. Ƙishirwa ce ta kashe su. Dajin Tanut bai kai can nisa ba, amma ranar bazara ɗaya ce. In mota ko babur ya mutu, a zauna kusa da shi, a yi inuwa da bargo. Ba a tafiyar ƙasa da tsakar rana. Kafin a bar gida a gaya wa wani inda za a, da ranar dawowa, domin waya ba ta kamawa ko'ina.

Ruwan tabki a tace shi da tsumma mai tsabta, a tafasa. Kurkunu ya ƙare a Nijar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2013, amma zawo yana nan. In zawo ya kama mutum, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya yi ta kurɓa. In rana ta bugi mutum, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, a nufi gidan likita.

Abokan kwana

Kunama da maciji suna son ƙarƙashin dutse, da gindin kututture, da tsohon rami. Kada a yi shimfiɗa a nan. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo kafin a taɓa. Da dare a riƙe tocila. Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne, ga ƙaramin yaro kuwa yana iya zama ajali, don haka a gaggauta kai shi likita. In kububuwa ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da munduwa, a hana ƙafar motsi, a ɗora shi bisa amalanke ko mota. Maganin dafi a asibiti yake.

Daren hunturu yana da sanyi mai ratsa ƙashi. Duk da haka kada a shiga da garwashi cikin rufaffen tanti ko cikin mota. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barcinsa.

Mafarauta kuma su sani, dokar 1998 ta hana farauta ba da takarda ba. Damargu ta taɓa sayar da gashin jimina har Tarabulus. Yau sai dai yaro ya ga jimina a hoto, barewa ma ta yi wuya.

Ledar sukari da ta shayi a tattara a dawo da su gida. Akuya da saniya suna haɗiye leda, ta cushe musu tumbi, su yi ta ramewa mai su bai san dalili ba sai ranar da mahauci ya farke cikin.