Faifan Daimon da Ladubban Aiki da Shi

Wanda ya san Dalijan ta ƙasar Gwandu a zamanin da ginin laka da azara ke wadatar da kowa, in ya dube ta yau zai tarar bulo da siminti sun sami gindin zama, domin tun da aka mai da Birnin Kebbi hedkwatar jiha a 1991, daga baya kuma aka kafa jami'ar tarayya a 2013 wadda mazauninta ke wajen Kalgo, samarin karkarar nan suka riƙa bin magina suna koyon shimfiɗa tayil da yankan kankare, suna komowa gida da sana'ar da kayanta. Daga cikin kayan nan babu wanda aka fi jahilta kamar faifan daimon da ake ɗaura wa giranda.

Shi wannan faifai farantin ƙarfe ne aka yi wa baki da garin ƙarafa da aka narke da ɓarɓashin daimon, kuma daimon ɗin ba na haƙo ba ne, ƙirar masana'anta ne irin wanda kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar haɗawa a 1954. Hikimar ita ce ba ya yanka yadda wuƙa ke yi. Goge dutse yake yi da kaɗan-kaɗan, ƙarfen da ke riƙe da ƙwayoyin yana cinyewa sannu a hankali, sababbi masu kaifi suna bayyana. Saboda haka ma'aikacin da ke danna shi da ƙarfin damtse, yana zaton gaggawa yake yi, zafi kawai yake tara masa, har farantin ya yi shuɗi, ya karkace, wani lokaci haƙori guda ya ɓalle ya tashi alhali fuskar mutum na kusa. In aka ga faifan ya yi santsi yana tartsatsi ba ya ci, ba mutuwa ya yi ba, koɗa yake bukata kamar dutsen niƙa, sai a ratsa shi cikin tsohon bulo sau biyu ko uku, ya farfaɗo.

Kowane faifai kuwa da muƙaminsa. Mai baki sumul na tayil ne, da ruwa ake aiki da shi. Mai tsage-tsage na kankare da bulo ne, tsagar tana fitar da gari tana shigar da iska, amma duk da haka wajibi ne a riƙa zare shi daga yankan lokaci-lokaci ya juya a sarari ya huce. A jikinsa akwai kibiya mai nuna inda zai juya, da adadin da ba a ƙetarewa: mai faɗin milimita 115 yana jure juyi wajen 13,300 a minti, mai 230 kuwa wajen 6,600 kaɗai. Nan ne ake yin gangancin da na fi ƙyama, wato a cire murfin kariya na ƙaramar giranda don a cusa mata babban faifai, ya riƙa gudu kusan ninkin abin da aka ƙaddara masa a gaban mutum mai riga mai faɗin hannu.

Amma cutar da ta fi waɗannan tsanani ba ta zubar da jini, shi ya sa ba a tsoronta. Farar ƙurar da ke tashi daga kankare da dutse tana ɗauke da garin yashi mai laushin da ido ba ya gani, wanda in ya shiga huhu ba ya fita, sai ya yi ta yi masa tabo shekara da shekaru har numfashi ya gajarta, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Likitoci ba su da maganin da ke mai da huhun yadda yake. Naɗa rawani a hanci ba ya tare ta. Ruwa ne ke kwantar da ita, tare da takunkumi na ainihi da tabarau, da sharaɗin a nisanta haɗin wayar janareta daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Malamanmu na fiƙihu sun sanya kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, kuma a ganina haƙƙin ya fi rataya a wuyan ubangidan da ke tura yaro ɗan koyo cikin rufaffen ɗaki ya yi yanka a bushe, shi yana waje yana lissafin kwalayen tayil.