DASHEN GAƁAR KWATANGWALO DA MATSALAR KUMBURI

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sartse ya san yadda jiki yake karɓar baƙon abu. Wurin yakan yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya riƙa zogi, har sai an cire sartsen ko ya fito tare da mugunya. To amma a yau akwai miliyoyin mutane da suke yawo da ƙarfe ko roba a jikinsu, waɗanda likitoci suka dasa masu da gangan, kuma suna zaune lafiya shekara da shekaru. Me ya sa jiki yake haƙuri da wani baƙon, ya yaƙi wani? A wannan babi za a duba wannan tambaya ta hanyar bin tarihin dashen gaɓar kwatangwalo. Za a ga cewa jiki yakan haƙura da gundarin abin da aka dasa masa, amma ba ya haƙura da ɓarɓashin da abin yake zubarwa, kuma ba a gane illar hakan sai an daɗe ana bibiyar majinyaci.

2.0 Ma'anar Dashe da Kumburi

A nan, dashe yana nufin duk wani abu da aka ƙera, aka sanya shi a jikin mutum ta hanyar tiyata domin ya maye gurbin wata gaɓa da ta lalace. Gaɓar kwatangwalo tana kama da turmi da taɓarya. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi da yake jikin ƙashin ƙugu, guringuntsi kuma yana hana su gugar juna. Idan guringuntsin ya cinye, ko kan ƙashin ya mutu, tafiya takan zama azaba. Sai likita ya yanke kan ƙashin, ya soka sandar ƙarfe mai ƙwallo a kanta cikin ƙashin cinya, ya kuma sanya wani ƙoƙo a gurbin domin ƙwallon ta riƙa juyawa a ciki.

Shi kuwa kumburi, a ilimin likitanci, ya wuce tashin fata kawai. Shi ne matakin da garkuwar jiki take ɗauka idan ta ji rauni ko ta ga baƙo. Idan ya yi aikinsa ya lafa, kariya ne. Idan kuwa ya ƙi lafawa, shi da kansa yakan zama cuta, domin yakan koma cin naman da ya zo karewa.

3.0 Gwajin John Charnley

Likitan da ya aza harsashin dashen kwatangwalo na zamani shi ne John Charnley, wanda ya yi aiki a asibitin Wrightington da ke arewacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1950 ya zaɓi wata roba mai suna Teflon domin yin ƙoƙon gurbin. Dalilinsa shi ne robar tana da santsi ƙwarai, kuma an san ba ta haɗuwa da wasu sinadarai, saboda haka aka ɗauka jiki ba zai damu da ita ba. Ya dasa wa kimanin mutum 300, kuma da farko sakamakon ya yi kyau, domin ciwo ya tafi, majinyata suka miƙe.

Cikin 'yan shekaru kaɗan al'amarin ya juye. Robar ta zaizaye, ɓarɓashinta ya taru a kewayen gaɓar, ya haddasa mummunan kumburi wanda ya ci nama da ƙashi. Dole Charnley ya koma yana sake yi wa majinyatan aiki. A watan Nuwamba na 1962 ya sauya zuwa wata roba mai tauri da ake kira foliyetilin. Domin ya tabbatar da zarginsa, sai ya cusa garin robobin biyu a ƙarƙashin fatar cinyarsa. Bayan wasu watanni wurin da ya sa garin Teflon ya yi ƙullutu, wurin ɗaya robar kuwa bai yi ba. Ya bayyana wannan sakamako a shekarar 1963. Darasin da aka koya shi ne, abin da ba ya cutarwa yana dunƙule yana iya cutarwa idan ya zama gari.

4.0 Yadda Ɓarɓashi Yake Cin Ƙashi

Sabuwar robar ta yi ƙarko, amma ita ma tana zaizayewa a hankali, kamar yadda dutsen niƙa yake zubar da tsakuwa cikin gari. Gaɓar mai tafiya takan motsa sau miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara, kuma kowane motsi yana kankare ɗan abin da ido ba ya gani. A shekarar 1977 wani likita Bajamushe, Hans-Georg Willert, tare da abokin aikinsa, suka yi bayanin abin da wannan ɓarɓashi yake yi wa naman da ke kewaye da gaɓa. Binciken da ya biyo baya ya fayyace matakan kamar haka:

(a) Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da datti. Su ne suke haɗiye ɓarɓashin.

(b) Da yake roba ba ta narkewa, sai ƙwayoyin su kasa gamawa da ita. Daga nan sai su riƙa fitar da sinadaran kiran agaji, waɗanda suke janyo ƙarin 'yan'uwansu.

(c) Waɗannan sinadarai suna zaburar da ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi, har rushewa ta fi ginawa yawa.

(d) Ƙashin da yake riƙe da dashen sai ya zaizaye, dashen ya yi sako-sako, ciwo ya dawo, ba tare da wata ƙwayar cuta ta shiga ba.

An daɗe ana ɗora laifin wannan matsala a kan simintin da ake liƙa dashe da shi. Sai da aka ga tana faruwa har a dashen da ba a sa wa siminti ba, sannan aka gane cewa robar ce babbar mai laifi.

5.0 Ƙarfe a Kan Ƙarfe

Ganin haka, sai wasu masu ƙira suka ce a bar roba gaba ɗaya, a yi ƙwallo da ƙoƙo duka da ƙarfen da aka haɗa daga kobal da kuromiyam. Gwaji a ɗakin bincike ya nuna cewa ƙarfe bai kai roba zaizayewa ba. Saboda haka a shekarun 2000 aka yi ta dasa irin wannan, musamman ga masu sauran ƙuruciya. Sai dai ga wasu nau'o'in an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Garin ƙarfe ya fi na roba laushi nesa ba kusa ba, don haka ƙwayoyinsa sun fi yawa. Bugu da ƙari, yana narkewa ya shiga jini.

A shekarar 2005 Willert da abokan aikinsa suka bayyana wani nau'in kumburi na daban a naman waɗanda aka yi wa wannan dashe. A 2008 likitoci a Oksfod suka ba da rahoton wani ƙullutu mai kama da ƙari da yake fitowa a gefen gaɓar. Ba ciwon daji ba ne, amma yakan kashe tsoka, ya taɓa jijiya, ya ci ƙashi. A wasu 'yan tsirarun majinyata kuma yawan kobal a jini ya taɓa ji da gani da zuciya.

Misalin da ya fi fice shi ne dashen ASR na kamfanin DePuy. Ƙoƙonsa ba shi da zurfi sosai, don haka ƙwallon takan gogi bakinsa, garin ƙarfe ya ƙaru. An dasa wa kimanin mutum 93,000 a duniya kafin kamfanin ya janye shi a watan Agusta na 2010. Alƙaluman da aka dogara da su sun nuna cewa mutum 12 zuwa 13 cikin 100 sai da aka sake masu aiki cikin shekara 5, alhali ma'aunin da ake bi a Ingila a lokacin shi ne kada a wuce 10 cikin 100 a shekara 10. A wannan shekara hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ba da shawarar a riƙa auna kobal da kuromiyam a jinin majinyata. A 2013 kamfanin ya amince ya biya kimanin dala biliyan 2.5 ga majinyata kusan 8,000 a Amurka.

6.0 Muhimmancin Rajistar Dashe

Abin lura a nan shi ne, ba ɗakin bincike ne ya bankaɗo wannan matsala ba. Likita ɗaya yana iya ganin majinyaci biyu ko uku da dashensu ya lalace, ya ɗauka tsautsayi ne. Sai an tara bayanan ƙasa baki ɗaya gaskiya take fitowa. Ƙasar Suwidin ta buɗe rajistar dashen kwatangwalo a 1979, Ostireliya ta buɗe tata a 1999, Ingila da Wels kuma a 2003. A rajista ake rubuta irin dashen da aka sa wa kowa, da ranar da aka sa, da ranar da aka sake aiki. Rajistar Ostireliya ta fara nuna matsalar ASR tun 2007, aka daina amfani da shi a can a ƙarshen 2009. A Amurka kuwa an ba shi izini a 2005 bisa hujjar cewa ya yi kama da waɗanda suka gabace shi, ba tare da an gwada shi a kan majinyata ba. Daga 2016 aka wajabta kawo hujjar gwaji kafin a sayar da irin wannan dashe a ƙasar.

A yau an rage dashen ƙarfe a kan ƙarfe ƙwarai. An fi amfani da ƙwallon ƙarfe ko na tangaran a cikin ingantacciyar foliyetilin da aka fito da ita a ƙarshen shekarun 1990, wadda zaizayarta ba ta kai ta dā ba.

7.0 Dangantakar Batun da Ƙasar Hausa

Cutar amosanin jini, wato sikila, ta yawaita a Nijeriya fiye da kowace ƙasa. Ɗaya daga cikin illolinta shi ne toshe hanyar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ƙashin ya mutu. Saboda haka a nan ana samun matasa masu buƙatar dashe, kuma ana yin aikin a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Matashi ya fi tsoho zirga-zirga, kuma zai fi shi daɗewa da dashen, ke nan ya fi shi fuskantar matsalar zaizaya. Ya kamata wanda aka yi wa dashe ya nemi sanin sunan abin da aka sa masa, ya adana takardarsa, ya riƙa komawa asibiti ko da ba ya jin komai, domin ƙashi yakan zaizaye shiru kafin ciwo ya bayyana. Malamin da yake da ɗalibi mai sikila da ya fara ɗingishi ko kukan ciwon kwatangwalo, ya kamata ya shawarci iyayensa su kai shi asibiti da wuri.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa dashen kwatangwalo yana cikin ayyukan tiyata da suka fi samun nasara, domin ya tashi mutane da yawa daga zaune. An kuma ga cewa sau biyu, a zamanin Teflon da zamanin ƙarfe a kan ƙarfe, abin da ya ci jarrabawar ɗakin bincike ya faɗi a jikin mutum. Ke nan binciken kayan dashe ba ya ƙarewa ranar da aka fito daga ɗakin tiyata. Yana ci gaba muddin majinyaci yana takawa da abin da aka dasa masa.

Tambayoyi

1. Bambanta kumburin da yake kariya da wanda yake zama cuta.
2. Wane darasi aka koya daga gwajin da Charnley ya yi a jikinsa?
3. Kawo matakai huɗu da ɓarɓashi yake bi wajen cin ƙashi.
4. Yi bayanin amfanin rajistar dashe, tare da misali.
5. Tsara yadda za ka koyar da ma'anar kumburi ga 'yan aji shida na firamare, ta amfani da misalin sartse.