Nauyin Ruwa da Matsinsa: Me Ya Sa Ake Ɗora Shato a Sama?

A garuruwa da dama na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi, ana ganin babban tankin ruwa a ɗore bisa dogayen ƙafafu, wanda jama'a ke kira shato. A fadamar Gulbin Maraɗi kuma, wajajen Tibiri, manoman rani suna ban ruwa da inji. Mutane kan yi tambayoyi biyu. Me ya sa ake shan wahalar ɗora tanki a sama? Me ya sa inji, ko da sabo ne, yakan kasa jawo ruwa idan rijiya ta yi zurfi? Amsar duka biyun tana cikin abu guda: ruwa yana da nauyi, iska ma tana da nata. Wanda ya fahimci wannan zai kiyaye kuɗinsa da lafiyarsa.

Awon ciki da awon nauyi

Awo iri biyu ne. Na farko shi ne awon wurin da abu ya ci, kamar yadda ake auna gero da tiya, ko man gyaɗa da kwalba. Ana yin wannan awo da lita. Na biyu shi ne awon nauyi, wanda ake yi da sikeli, a faɗe shi da kilo.

Ruwa ne ya haɗa awon nan biyu, domin lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Ke nan yarinyar da ta ɗauko bido mai lita 25 ta ɗauko kilo 25 a ka. Tano mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin ƙarfensa. Idan an ɗora biyu a amalanke, dabba tana jan kilo 400 na ruwa. Akwatin da tsawonsa, faɗinsa da tsayinsa kowanne mita 1 ne yana cin lita 1,000, wato tan 1. Saboda haka shato mai cin lita 20,000 yana ɗauke da tan 20 idan ya cika. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yi wa ƙafafunsa aikin ganganci.

Cunkoso

Ba kowane abu ne litarsa ke yin kilo 1 ba. Nauyin lita guda na abu shi ne za mu kira cunkosonsa. Ga misalai:

Fetur: wajen kashi uku cikin huɗu na kilo.
Man gyaɗa: gram 900 da ɗan ɗoriya.
Ruwa: kilo 1.
Zuma: kusan kilo 1 da rabi.
Baƙin ƙarfe: kusan kilo 8.
Zaiba: kilo 13 da rabi da ɗan ɗoriya.

Abin da cunkosonsa bai kai na ruwa ba yakan taso sama. Wanda ya fi ruwa kuwa sai ya nutse. Shi ya sa mai yake tasowa a bisa miya, kuma waken da ƙwari suka cinye cikinsa yake tasowa idan an zuba shi a ruwa. Abin lura a nan shi ne: kada a taɓa watsa wa gobarar fetur ruwa. Fetur zai hau bisa ruwan, ya bi shi yana ci, wutar ta ƙara yaɗuwa. Rairayi ake zubawa.

Matsin ruwa

Tun da ruwa yana da nauyi, na sama yana danne na ƙasa. Wannan danniya ita ce matsin ruwa. Mai karatu zai iya gwadawa a gida. A sami gorar roba, a huda ta da ƙusa wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. A toshe hudojin, a cika ta da ruwa, sannan a buɗe su. Za a ga ruwan hudar ƙasa ya fi fitowa da ƙarfi, na sama kuwa da ƙyar yake tsiyaya.

Masana sun auna, sun tarar cewa ruwan da tsayinsa ya kai mita 10 yana danna kowane ɗan wuri mai faɗin farce da ƙarfin kilo 1. Idan tsayin ya ninka, matsin ma ya ninka. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya bayyana cewa tsayin ruwa ne ke kawo matsi, ba faɗin mazubinsa ba.

Wannan ita ce amsar tambaya ta farko. Ƙaramin tanki da aka ɗora a mita 10 ya fi ƙaton tanki da ke zaune a ƙasa tura ruwa cikin bututu. Girman tanki yana ƙayyade yawan ruwan da za a ajiye. Tsayinsa kuwa shi ke ƙayyade ƙarfin famfo. Don haka ake neman tudu idan za a kafa shato. Unguwar da ke bisa jigawa ta fi kusa da tsayin tankin, shi ya sa famfonta yake da rauni, kuma shi ke fara ɗaukewa idan ruwan tanki ya ragu. Dogon bututu siriri da kuma yoyo su ma suna rage ƙarfin ruwa.

Nauyin iska da injin ban ruwa

Iskar da ke bisanmu tana danne duk abin da ke doron ƙasa, har da ruwan rijiya. Aikin inji shi ne ya zuƙe iskar da ke cikin tiyo. Sa'an nan iskar waje ta danna ruwan rijiyar, ta tura shi ya hau cikin tiyon. Amma ƙarfin iska yana da iyaka: ba ta iya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10. Wani masani ɗan Italiya, Evangelista Torricelli, ya tabbatar da haka a shekarar 1643. Ya yi gwajinsa da zaiba, ya ga iska tana ɗaga ta santimita 76 kawai, domin ta ninka ruwa nauyi sau 13 da ɗoriya.

A wurin aiki, injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya wuce mita 7 zuwa 8. Idan ruwa ya ja ƙasa da haka a tsakiyar rani, sayen inji mai ƙarfi ba ya magance matsalar. Hanya biyu ce: ko a haƙa rami kusa da rijiyar a saukar da injin ya kusanci ruwa, ko a yi amfani da famfon da ake zurawa cikin ruwan, wanda ke turo shi daga ƙasa, kamar yadda ake yi a rijiyar burtsatse.

Shawarwari

1. Kafin a sayi inji, a auna zurfin ruwan rijiya da igiya a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ya fi ja ƙasa.
2. Kada kowa ya shiga rami ko rijiya inji yana aiki a ciki. Hayaƙinsa yana kisa.
3. Kafin a ɗora tanki a bisa gini, a lissafa nauyinsa: kowace lita kilo 1 ce.
4. Kwamitin ruwa na gari ya gyara yoyo da wuri, domin mutanen tudu ne ke fara shan wahalarsa.

Rigakafi ya fi magani. Igiyar awo da ɗan lissafi sun fi sayen inji sau biyu araha.