Me Za Mu Kai Wa Inna A Kirsimetin Bana?

Da zarar hunturu ya kankama a Katsina, hazo ya rufe sararin sama, ƙafafu suka fara faso, kowa ya san Kirsimeti ya ƙarato. A wannan lokaci ne 'ya'yan da ke aiki a Kaduna da Abuja da Legas suke fara lissafin kuɗin mota da na tsaraba. Na yara ba ya ba da wuya, don yaro shi zai faɗi abin da yake so tun ba a tambaye shi ba. Na maigida ma da sauƙi, hula ko yadi sun wadatar. Inda lissafi yake cijewa shi ne wajen uwa. Ko a Ƙofar Sauri, unguwar da ta ɗauki sunan ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, ko a Malumfashi ko Funtuwa, tambayar ɗaya ce a bakin 'yan'uwa: me za mu kai wa Inna?

Ba don iyayenmu mata sun cika tsirfa ba ne abin ya yi wuya. Dalilin yana cikin tarbiyyar da suka tashi da ita. Uwa Bahaushiya an raine ta da kara da alkunya, har takan ƙi kiran sunan ɗanta na fari, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu. In ka tambaye ta me take bukata, amsar ba ta wuce ta ce ba ta rasa kome ba, ku dai ku kula da yara. Wanda bai san hali ba sai ya ɗauka maganar ke nan, alhali kuwa tana iya faɗin haka da takalmi tsinkakke a ƙafarta.

Dalili na biyu shi ne, uwa ba ta iya riƙe abu ita kaɗai. Turmin atamfar da aka kawo mata bara, in ka bincika, ko yana ƙasan akwati ana jiran auren jika, ko ya riga ya tafi gudummawar bikin 'yar maƙwabciya. Kuɗin da aka turo mata kuwa, kafin sati ya zagayo sun shiga kuɗin makarantar wani ko maganin wata. Na uku, ta san wahalar da 'ya'yanta suke sha. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin kome ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A shekarar 2024 ɗin ne aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Uwar da ke zuwa kasuwa da kanta ta san abin da wannan kuɗi zai iya saya, saboda haka kyauta mai tsada takan sa ta damuwa maimakon murna.

To, tun da ba za ta faɗa ba, sai mu koyi dubawa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda yake nesa ya tambayi wanda yake kusa: autar da ke gida, ko jikar da ke kwana ɗakinta, ko ƙawarta ta Zumuntar Mata da suke zama benci ɗaya a majami'a. Su ne suka san ko bargonta ya yage, ko ta daina zuwa addu'ar asuba saboda sanyi, ko kuwa tana miƙa wa wani littafin waƙoƙi ya nemo mata lamba domin idonta ba ya gani sosai. Irin waɗannan ƙananan labarai su ne suke nuna kyautar da ta dace.

Mu fara da atamfa, tun da ita ce kowa yake rugawa gare ta. Iyayenmu sun san zane fiye da mu. Sun ga zamanin da masaƙun Kaduna suke aiki dare da rana, tun daga wadda aka buɗe a 1957 har zuwa lokacin da aka rufe babbar masaƙar UNTL a 2007. Yawancin abin da ya cika Kantin Kwari na Kano da kasuwannin Katsina daga baya, daga ƙasar Sin ake shigo da shi, wani mai kyau, wani kuwa wanki biyu ya koɗe. Uwa tana taɓawa za ta gane, ko da ba ta ce kome ba. In za a saya, a tafi da mace wadda ta san kaya, a duba ciki da bai a ga ko launin ya kama duka fuska biyu. Sa'an nan kada a miƙa mata turmi a dunƙule. A karɓi awon rigarta a asirce, a kai wa telan da ta saba da shi, a biya kuɗin ɗinki. Zanen da aka riga aka ɗinka daidai jikinta ba ya shiga lefen kowa. A kuma tuna cewa sauri kan haifi nawa: wanda ya kai ɗinki ana saura kwana uku Kirsimeti, sai dai Inna ta sa kayanta a sabuwar shekara.

Amma sau da yawa abin da ya fi zane amfani shi ne abin da ya shafi lafiyarta. Daga wajen shekara 40 zuwa sama ido yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, wannan kuwa tabarau ne maganinsa. Sai dai kada a saya mata na bakin hanya a ce an gama. A kai ta a auna idon, domin akwai yanar ido, wadda aiki ne yake kawar da ita, akwai kuma hawan jinin ido, wanda yake cin gani a hankali ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yana wannan hidima tun 1943, a nan Katsina ma akwai likitocin ido. Kuɗin mota da na awo da na tabarau, in an haɗa, kyauta ce da za ta mora kowace safiya.

Haka nan hawan jini. Mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba, sai ranar da ya kayar da su. Akwai ƙaramar na'urar awo mai aiki da batir wadda ake ɗaurawa a dantse. In aka saya aka koya wa wani a gidan yadda ake amfani da ita, aka kuma gaya masa cewa awon da yake kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai yana bukatar ganin likita, an yi babban abu. Wadda take shan magani kullum kuwa, a biya mata na wata uku gaba ɗaya, domin uwa takan rage ƙwaya ko ta tsallake kwana don kada ta dame mu. Mai ciwon suga kuma, katan ɗin lemon kwalba ba alheri ba ne gare ta. Ga kuma ƙananan abubuwa na lokacin ɗari: rigar sanyi, safa, bargo mai kauri, man kaɗanya don faso, da fulas da zai riƙe mata ruwan zafi har asuba.

Akwai kuma abincin ruhu. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka sake fitar da sabuwar fassara a 1979. Iyayenmu da yawa da shi suka koyi karatu, kuma wanda ke hannunsu ya tsufa, bango ya cire, rubutun ya yi musu ƙanana. A nemi mai manyan baƙaƙe in an samu. Kada dai a ɗauke tsohon, domin a cikinsa ne ta rubuta ranakun haihuwarmu da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wadda ba ta karatu, ko idonta ya gaza, akwai karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ɗauka a murya, ana sa shi a katin waya ko a ƙaramar rediyo. Fitila mai caji da hasken rana ita ma tana taimakon mai tashi addu'a da dare in an ɗauke wuta.

A nan sai mu ja kunnen juna game da kyautar da takan zama kaya. Janareta ba ya tashi sai da mai, firji ba ya sanyi sai da wuta, babbar waya mai shafe-shafe kuma takan ƙare a hannun jika. Tukunyar gas abu ce mai kyau, domin hayaƙin itace yana cutar da ido da ƙirji, amma wanda ya kawo ta ya zauna ya koya wa Inna kunnawa da kashewa har tsoro ya fita, ya kuma ɗauki nauyin cika ta in ta ƙare. In ba haka ba za a same ta a lungu an ɗora mata kwando. Kafin a sayi kowane abu, a tambayi kai: wa zai riƙa ciyar da shi bayan mun koma bakin aiki?

Ga uwar da har yanzu take da ƙarfin sana'a, ƙarin jari ya fi kayan ado. Mai ƙuli-ƙuli a saya mata buhun gyaɗa, mai ƙosai a kawo wake da mai, mai kiwo a ƙara mata tunkiya ko akuya in akwai fili a gidan. Wata kuma abin da yake hana ta barci shi ne zubin adashi ko wani ɗan bashi da ta ɓoye. Biyan wannan a asirce, ba tare da an tara mata jama'a ba, ya fi turmi goma. Uwar da take da abin hannunta tana sa baiko daga guminta, tana ba jika na alewa ba sai ta jira kowa ba, wannan kuwa mutunci ne.

Sa'an nan mu fahimci wani abu game da iyayenmu na cikin birni. A unguwa irin Ƙofar Sauri, gidan Kirista yana tsakiyar maƙwabta Musulmi ne, an yi shekaru ana cuɗanya. Da Sallah kwanuka suna shigowa da tuwo da nama, da Kirsimeti kuma ana sa ido a ga kwanukan Inna sun fita da shinkafa da miya da cincin. Shi ya sa gidaje da yawa suke kiran maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya, domin kowa ya ci hankali kwance. Ga irin wannan uwa, ranar da ta kasa fitar da kwano ita ce ranar kunya. Saboda haka in muka ga ta rabar da abin da muka kawo, kada ranmu ya ɓaci. Mu raba kyautar gida biyu: ga shinkafa da mai da kaji na rabo, ga kuma naki na kanki wanda ba mu yarda ya fita ba. In ta sami abin bayarwa, za ta iya riƙe nata.

'Yan'uwa kuma su yi shawara tun da wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maimakon mutum biyar su kawo atamfa biyar, gara a haɗa kuɗi a gyara rufin ɗakinta kafin damina, ko a sake mata katifa. A miƙa da sunan kowa, har da wanda bai sami aiki ba, domin ba abin da yake ƙona zuciyar uwa kamar ta ga Kirsimeti ya zama gasa tsakanin 'ya'yanta, mai shi yana taƙama, marar shi yana ɓuya a bayan ɗaki. Mai aure kuma ya tuna uwa biyu gare shi. Abin da aka yi wa uwar miji a yi wa uwar mata gwargwadon hali, kuma ya fi kyau suruka ta miƙa da hannunta. Kada a manta da gwaggo ko matar uba da ta yi renonmu, da gwaurayen ikkilisiya waɗanda ba su da mai kawo musu kome.

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Girmama uba da uwa yana cikin Dokoki Goma, a Fitowa sura 20. A Markus sura 7 Ubangijinmu ya tsauta wa masu fakewa da cewa sun keɓe dukiyarsu ga Allah don su guje wa taimakon iyayensu. A Yahaya sura 19 kuma, yana kan gicciye, bai bar mahaifiyarsa haka kawai ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirin da zai kula da ita. Abin da ya tanada mata shi ne mutum da gida. Wannan ya isa ya nuna mana cewa kula da uwa ba aikin rana ɗaya a shekara ba ne.

Don haka wanda ya iya zuwa, ya zo, gama zumunta a ƙafa take. Ya zauna a tabarmarta, ya ci tuwonta, ya raka ta sujada ranar 25 ga Disamba ta nuna shi ga ƙawayenta. 'Ya'ya mata da surukai su karɓe ta a murhu ran nan, ta huta ta karɓi baƙi. Wanda hanya ko aljihu ya hana, ya aika da abin da ya samu tun da sauran kwanaki, ya kira ta a waya, ya ba jikoki su gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, kada ya yi gaggawar kashewa. In ta karɓi kyautar ta ce don me kuka wahalar da kanku, kada a damu, godiyarta ke nan. Sauran za a ji shi a addu'ar da za ta yi mana da asuba.

Allah ya ja kwanan iyayenmu mata, ya ba mu abin yi musu tun suna da rai. Barkanmu da Kirsimeti.