Masu Tace Facebook da Mas'alar Alhakin Mai Aiki

Duk wanda ya saba buɗe Facebook a wayarsa, yana kallon hotunan biki da na suna, da wa'azin malamai, da tallan atamfa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa bai cika yin kiciɓis da hoton mutumin da aka yi wa yankan rago ba, ko alfashar da ake aikatawa da ƙananan yara, alhali kuwa hankali ba zai karɓi cewa a cikin mutum fiye da biliyan 3 da ke shiga wannan dandali babu azzalumai da fasiƙai masu ɗora irin waɗannan abubuwa dare da rana ba. Galibin jama'a suna zaton na'ura ce ke share su, kuma lalle na'ura tana kama da yawa. Amma abin da ya shige mata duhu, balle a harsunan da ba a koya mata sosai ba, kamar Hausa da Amharik da Somaliyanci, ɗan Adam ake miƙa wa ya duba da idonsa, ya yanke hukunci. Al'amarin kamar na babbar kasuwa ne wadda ake sharewa da duku-duku: mai zuwa cefane da hantsi ya iske ta fes, ba ruwansa da wanda ya kwashe ƙazantar jiya, ko da me ya kwashe ta, ko nawa aka sallame shi.

Masu wannan shara na ƙasashen Afirka kudu da Sahara, tun daga shekarar 2019, a birnin Nairobi na ƙasar Kenya aka tara su, a ofishin wani kamfani mai suna Sama, wanda hedkwatarsa ke Kalifoniya ta Amurka, shi kuwa ya karɓi aikin ne kwangila daga hannun Facebook, wanda yanzu uwar kamfaninsa ke amsa sunan Meta. An ɗebo samari da 'yan mata daga Habasha da Uganda da Somaliya da Afirka ta Kudu da Nijeriya da sauransu, kowa saboda harshen da ya tashi da shi, har da masu duba abin da ake rubutawa da Hausa. Watau a wancan lokaci zagin da wani ya yi a Kano, ko hoton gawar da wani ya ɗora a Gusau, idan aka kai ƙararsa, mai yiwuwa ne a gaban wata yarinya 'yar Arewa da ke zaune a Nairobi ya faɗo.

Yadda aikin yake, gwargwadon abin da mujallar Time ta bayyana a watan Fabrairu na 2022, ya isa a tsaya a kansa. Mai tacewa yana zaune gaban kwamfuta tun safe, abubuwan da aka kai ƙararsu suna zuwa masa a jere, bai san abin da zai fito ba sai ya fito: wannan zagi ne, na bayansa tsiraici, na bayansa wani yana rataye kansa a gaban kyamara. Ana so ya gama da kowane ɗaya a cikin kimanin sakan 50, ya zaɓi babin dokar da abin ya saɓa, ya share ko ya bari, sa'an nan na gaba ya faɗo. Akwai masu auna saurinsa, akwai masu auna yawan kuskurensa, akwai kuma takardar riƙe sirri da ya sa wa hannu, wadda ta sa da yawansu ba su iya faɗa wa ko iyalinsu abin da ke hana su barci. Ladan wasu daga cikinsu, in ji mujallar, bai wuce dala 1.50 a awa ba.

Wanda ya fara fasa ƙwan shi ne Daniel Motaung, mutumin Afirka ta Kudu, wanda ya ce an ɗauke shi ba tare da an fayyace masa haƙiƙanin aikin ba, kuma bidiyon farko da yake iya tunawa na fille kan mutum ne. Da ya yi yunƙurin haɗa kan abokan aikinsa su kafa ƙungiyar ƙwadago a 2019, sai aka sallame shi. A watan Mayu na 2022 ya shigar da ƙarar Sama da Meta a kotun ƙwadago ta Kenya. Kamfanin Sama ya musanta zarge-zargen, ya ce yana biyan lada mai kyau idan aka gwada da na ƙasar, yana kuma ajiye masu ba da shawara ga wanda abin ya dama; adalci ne a ambaci wannan. Amma amsar da Meta ta fara bayarwa ita ce abin lura, domin ba ta tsaya jayayya kan ko an cutu ko ba a cutu ba, cewa ta yi ita ba ta ɗauki kowa aiki ba, ba ta da rajista a Kenya, saboda haka kotun Kenya ba ta da hurumin kiran ta.

A nan ne mas'alar take, kuma ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Malamanmu na fiƙihu, da suka zo babin ijara, sun sharɗanta cewa kafin a ƙulla ta sai an san aikin, an san ladan, an san wa'adin, domin jahiltar ɗayansu garari ne mai ɓata ciniki. To ina ingancin yardar wanda aka kira shi aikin ofis, sai da ya bar ƙasarsa ya zauna a kujera sa'an nan ya tarar kallon kisa ne sana'arsa? Haka kuma a babin wakilci sun tabbatar da cewa abin da wakili ya aikata bisa umarni yana komawa ga wanda ya wakilta shi, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa mai cin ribar abu shi ke ɗaukar lamuninsa. Tsarin kwangilar da manyan kamfanonin zamani suka ƙware a kansa, in aka yi masa duban tsanaki, dabara ce ta raba waɗannan biyu: riba ta haura sama, lamuni ya tsaya a ƙasa wurin ɗan kwangila, wanda in zafi ya yi yawa sai a sake shi a kama wani. Alhali dokokin da mai tacewa ke bi Meta ta rubuta su, manhajar da yake aiki a kanta tata ce, ma'aunin da ake auna shi da shi daga gare ta ya fito. A ganina wanda ya mallaki waɗannan uku ya mallaki aikin, ko sunan wa ke kan takardar albashi.

Abin da ya biyo baya kuwa sai ya zama kamar hujja ga masu wannan ra'ayi. A watan Janairu na 2023 Sama ya sanar cewa ya bar sana'ar tacewa, ya sallami kimanin mutum 260, kwangilar ta koma hannun wani kamfani, Majorel. Waɗanda aka sallama suka ce sun nemi aiki a sabon wurin an ƙi su saboda an sa sunayensu a baƙin littafi, suka kai ƙara, adadinsu ya kai 185. Kotun ƙwadago ta riga ta yanke a Fabrairu na wannan shekara cewa ana iya tuhumar Meta a Kenya; a watan Yuni, cikin wani hukunci na wucin gadi, ta ce Meta ce ainihin mai aikin, Sama wakili ne kawai. Aka gwada sulhu, ya watse a Oktoba. Meta ta ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta kori ƙorafinta a kan hurumi a Satumba na 2024. Mai karatu ya lura cewa shekara biyu da 'yan watanni aka ci ana gardama a kan ko kotu ma tana da ikon sauraro, kafin a taɓa tushen magana, a daidai lokacin da da yawa daga masu ƙarar baƙi ne a Nairobi, ba albashi, ga kuɗin haya. Jinkiri irin wannan mai dukiya ba ya jin sa a jikinsa.

A ƙarshen 2024 aka gabatar wa kotu sakamakon binciken Dokta Ian Kanyanya, shugaban sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin Kenyatta, wanda ya sami fiye da mutum 140 daga cikin masu ƙarar da ciwon nan na firgici da ke kama wanda ya ga mugun abu, irin wanda aka fi sani ga sojan da ya dawo daga fagen fama: mafarkin tsoro, da razana ba dalili, da gudun mutane. Ba kuwa za a ce cutar baƙuwa ce ga kamfanin ba, domin tun a watan Mayu na 2020 Facebook ya amince ya biya dala miliyan 52 ga masu irin wannan aiki a Amurka da suka yi ƙararsa a kan wannan lalura. Ribar Meta ta shekarar 2024 kaɗai ta haura dala biliyan 62. Ban kawo waɗannan alƙaluma don hassada ga mai arziki ba. Na kawo su ne don kada wani ya ce rashin hali ne ya hana.

Masu ƙirƙirarriyar basira ma sun bi ta wannan hanya. Kafin OpenAI ya fito da ChatGPT a Nuwamba na 2022, ma'aikatan Sama a Nairobi ne suka yi ta karanta rubuce-rubucen fyaɗe da azabtarwa suna yi musu alama don na'urar ta koyi ƙin su. Time ta ruwaito cewa ana biyan Sama dala 12.50 a kowace awa, abin da ke isa hannun ma'aikaci kuwa bai wuce dala 2 ba.

Akwai masu cewa, kuma ba marasa hankali ba ne, a ƙasar da masu digiri ke yawo da takardu ba aikin yi, wannan lada ya fi babu, kuma in aka matsa wa kamfanonin za su naɗe tabarmarsu su tafi inda ba a matsawa. Rabin farko na maganar gaskiya ne, shi ya sa ma ake samun masu nema. Amma lalurar mabuƙaci ba ta halatta wa mawadaci ya ɓoye masa aibin abin da zai shiga. Ni kuwa ba na cikin masu cewa a daina aikin, domin mun ga abin da rashinsa ke jawowa. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa na Barikin Ladi ne, alhali wasunsu daga wata ƙasa suke kuma sun shekara da shekaru, 'yan sandan jihar da kansu suka shaida wa BBC cewa hotunan sun ƙara rura wutar ramuwar gayya. A Habasha, an kashe Farfesa Meareg Amare a Bahir Dar a Nuwamba na 2021 bayan an yi ta yaɗa sunansa da unguwarsa tare da ƙazafi a dandalin, ɗansa kuma ya kai Meta ƙara a Kenya. Aikin da ke tsakanin jama'a da irin wannan fitina ya yi kama da farillar da in wasu suka ɗauke ta sun sauke wa saura, kuma mu masu Hausa muna cikin waɗanda aka sauke wa. Maslaharmu ita ce masu tace harshenmu su yawaita, su san bambancin habaici da barazana, da na ba'ar taubasai da cin mutuncin ƙabila, su kuma daɗe a kan aikin har su ƙware. Wanda ake biya kaɗan, ya ƙone cikin shekara guda a canza shi, yaushe zai ƙware?

Su kansu ma'aikatan ba su zauna jiran kotu ba. Ranar 1 ga Mayu, 2023, kimanin 150 daga masu yi wa Facebook da TikTok da ChatGPT wannan aiki suka taru a Nairobi suka ƙudura kafa ƙungiyar masu tacewa ta Afirka, kuma wata 'yar Nijeriya daga cikinsu, Kauna Malgwi, wadda ke jagorantar reshen ƙasarta a lokacin, ta shiga jerin mutum 100 da Time ta zaɓa a fagen ƙirƙirarriyar basira a 2024.

Rabin maganar masu cewa kamfani zai naɗe tabarma, shi ma ya tabbata, sai dai ba yadda suke nufi ba. A watan Afrilu na 2025 jaridar Guardian ta Ingila, tare da wata cibiyar 'yan jarida masu bincike, ta bayyana cewa aikin ya koma birnin Accra na Ghana, a hannun Majorel, wanda yanzu mallakin kamfanin Teleperformance na Faransa ne, kuma ma'aikatan can suna kukan abin da na Nairobi suka yi kuka da shi: ƙarancin lada, da rashin barci, da baƙin ciki mai tsanani, har da wanda ya nemi halaka kansa. Teleperformance ya musanta, ya ce yana biya da kyau kuma yana da ƙwararrun masu kula da lafiyarsu. Accra dai gari ne da Hausa ke da gindin zama a Nima da Sabon Zango, kuma tallar neman mai jin Hausa da Turanci ba ta da wuyar isa Kano ko Yamai ta waya. Saurayin da irin wannan talla ta iso masa yana da haƙƙin ya tambaya, tun kafin ya sa hannu, a rubuta masa abin da idonsa zai riƙa gani, da awa nawa a yini, da likitan da zai duba shi da wanda zai biya likitan bayan kwangila ta ƙare, da kuma sunan kamfanin da zai kira gaban alƙali idan ta ɓaci.