'Yan agaji da kwamitocin marayu a arewacin Zamfara: abin da ya kamata ku sani

Ranar Babbar Sallah, tun nama bai shiga kasko ba, za ka ji sallama a ƙofar gida. Samari ne sanye da kaki, sun zo karɓar fatar layya. Haka kuma a watan azumi, bayan an shafa addu'ar tafsiri, mai sanarwa zai tashi ya tuna wa jama'a da asusun marayu. Mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun saba da waɗannan abubuwa biyu kamar yadda sauran garuruwan ƙasar Hausa suka saba. Sai dai da yawa suna bayarwa ba tare da sanin inda abin yake zuwa ba, da yawa kuma suna da haƙƙi a ciki amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Su wane ne 'yan agaji?

Kowace babbar ƙungiyar addini a arewa tana da rundunar agajinta. Jama'atu Nasril Islam ita ce babbar yaya, an kafa ta a Kaduna a 1962 bisa jagorancin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Fityanul Islam ta biyo baya a Kano a 1963 a hannun Shehu Mudi Salga, kuma 'yan ɗariƙa ne ƙashin bayanta. Izala ta fito a Jos a 1978 a ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris. A ɓangaren mata akwai FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ta fi mayar da hankali ga makarantu da lafiyar mata da yara.

Ɗan agaji ba ma'aikaci ba ne, ba ya jiran albashi a ƙarshen wata. Tela ne ko ɗan acaba ko malamin firamare ko manomi, wanda ya ware wani ɓangare na lokacinsa saboda Allah. Shi ke tsara sahu da ababen hawa ranar Juma'a da ranar Idi, shi ke ɗaukar wanda ya yi haɗari zuwa asibiti, shi ke taimakon tsofaffi a sansanin alhazai, kuma sau da yawa shi ke gaba wajen jana'izar baƙon da ba a san danginsa ba.

Irin wannan tsari ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Ƙungiyar Rotary, wadda ta faro a birnin Chicago na Amurka a 1905 kuma ta buɗe reshe a Kano a 1961, da kuɗin membobinta ta shiga yaƙi da shan-inna tun 1985, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Bambancin shi ne namu sun tsiro ne daga masallaci da zaure, kuma sun gaji tsohuwar al'adar gayya da zumunci.

Me ya sa nauyin ya ƙaru a wannan yanki?

A da, da wuya ka ga maraya ya rasa madafa. Idan uba ya rasu, baffa ko kawu ko kaka ke ɗauka, yaro ya tashi cikin 'ya'yan gida. Rikicin 'yan bindiga ne ya karya wannan ginshiƙi, domin sau da yawa uba da baffa rana guda ake rasa su. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata kusan 5,000 sun rasa mazajensu, yara fiye da 25,000 kuma sun zama marayu a faɗin jihar. Tun daga lokacin ba a daina kashe-kashen ba.

Ga kuma yunwa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, masu bayarwar ma sun ragu. Manomin da a da yake fitar da zakkar gero da dawa, dami ɗaya cikin goma idan noman damina ne, yau yana rakuɓe a kangon wani cikin gari, gonarsa ta gagare shi shiga. Ɗan kasuwar da ya dogara da cin kasuwar Shinkafi ya ga yadda aka rufe kasuwannin mako-mako da layukan waya a watan Satumban 2021. Hannun da ke miƙawa jiya, shi ke karɓa yau.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Ƙofofi huɗu ne manya. Ta farko fatun layya, wadda Izala ta fi shahara da ita: a tara, a sa gishiri, a sayar wa 'yan fata, a zuba kuɗin a ginin masallatai da makarantu da ɗakunan shan magani. Ta biyu taimakon da ake tarawa a wuraren tafsirin azumi, wanda kwamitin marayu ke sayen hatsi da yadi da atamfa da shi, ya biya ɗinki, don kada maraya ya ga 'yan'uwansa cikin sabon kaya shi yana cikin tsumma. Ta uku karo-karon membobi da gudummawar attajirai da 'yan asalin yankin mazauna Gusau, Kaduna, Abuja ko Legas.

Ta huɗu zakka ce da wakafi. Zamfara na da Hukumar Zakka da Wakafi tun zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999. Ita hukumar gwamnati ce, ba ƙungiya ba, amma mutanen da take nema su ne dai waɗanda kwamitocin ke nema. A nan akwai abin lura: zakka tana da gidaje takwas da aka ƙayyade a Suratut Tauba, kuma maraici shi kaɗai ba ya cikinsu. Maraya yana cin zakka ne idan matalauci ne. Wanda ubansa ya bar masa dukiya, abin da yake buƙata shi ne amintaccen waliyyi da zai tsare masa ita har ya mallaki hankalinsa.

Yaya ake shiga cikin jerin masu karɓar taimako?

Galibi ta hannun limamin unguwa ko mai unguwa ko wani ɗan kwamiti da ya san gidan. Uwar marayu ko mai riƙonsu ba sai ta jira an zo ba. Ta aika a sanar da liman tun kafin azumi, domin sau da yawa ana rufe jerin sunaye kafin a fara rabo. Waɗanda suka fi faɗuwa ta tsakiya su ne 'yan gudun hijira, saboda ba su da mai unguwar da ya san su, sai kuma matan da kunya ke hana su magana. Idan kana da irin wannan maƙwabci, kai ne bakinsa.

Kada kuma a haɗa aikin kwamiti da na asibiti. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, ba kwanon shinkafa yake jira ba. A kai shi asibiti, inda ake auna damtse a ba da abincin gyaɗa na musamman. Wannan abinci magani ne, ba na sayarwa ba ne, ba kuma na rabawa da sauran yaran gida ba.

Ina gizo ke saƙa?

Ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi shi ne 'yan gida ne. Sun san lungu, sun san wanda ya kwana bai ci ba, suna shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Rauninsu kuwa uku ne. Wani gida yakan samu daga ƙungiyoyi biyu, na kusa da shi bai samu ko ɗaya ba, saboda kowa da littafinsa. Wani lokaci bambancin aƙida kan leƙo cikin rabo, alhali yunwa ba ta san Izala ba, ba ta san ɗariƙa ba. Na uku, wanda ya fi kowanne girma, aikin na lokaci ne: a cika a azumi, a cika a layya, sannan a yi tsit. Kayan Sallah na da daɗi, amma ba sa biyan kuɗin makaranta, ba sa sayen maganin zazzaɓi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sauro ya yi yawa.

Don haka mai bayarwa yana da damar tambaya, cikin ladabi: nawa aka tara bara, marayu nawa suka samu, wa ke riƙe da littafin? Kwamitin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, wasu ma da kansu suke karanta lissafi a gaban jama'a. Mai hali kuma ya duba abin da zai ɗore: ya ɗauki karatun yaro ɗaya, ko ya saya wa uwar marayu keken ɗinki ko tunkiyar kiwo, ko ya bar shago ɗaya wakafi a riƙa ciyarwa da kuɗin hayarsa.

Fatar layya sau ɗaya ake ba da ita a shekara, tukunyar gidan marayu kuwa kullum sai an ɗora ta. In kana son sanin ko taimakonka ya kai, kada ka duba ranar Idi. Leƙa gidan a watan Agusta.